Wa Zai Kashe Injin Idan Rana Ta Fito? Martani Ga Mai Ganin Sola Da Ɗigo Sun Gama Magana

Wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da dogon rubutu kwanan baya a kan noman rani, yana kira ga gwamnatocin jihohin Arewa su daina jan ƙafa, su raba wa manoma injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, haɗe da siririn tiyon nan da ke ɗiga ruwa a gindin shuka. A ganinsa, ban-ruwan da muke yi na malala ruwa cikin fangali ɓarna ce tsagwaronta, domin rabin ruwan ne kawai ke amfanar shuka. Idan aka koma ɗigo, in ji shi, za a yi tsimin wannan rabin, rijiyoyi su huta, manomi ya huta da sayen mai. Ya ƙara da cewa masu kukan ruwan ƙarƙashin ƙasa zai ƙare suna tsorata mutane ne kawai, tunda bincike ya nuna Afirka na zaune a kan tarin ruwan da bai ma fara taɓuwa ba.

Malam, ban da ja da kai a kan wahalar mai. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafi, mai lambu da ke shayar da tumatir da ɗan injin fetur ya shiga uku, wasu sun rage fangali, wasu sun jingine noman ranin gaba ɗaya. Duk wanda ya kawo musu hanyar jawo ruwa ba tare da jarkar fetur ba ya yi aikin lada. Haka kuma ɗigo na ƙara yabanya, yana rage ciyawa, yana sa taki ya tsaya inda aka sa shi. Inda muka rabu da kai shi ne cewar da ka yi waɗannan kayan za su sa ruwan ƙasa ya huta. Abin da aka gani a wuraren da suka riga mu bin wannan hanya akasin haka ne, kuma dalilin a fili yake idan mutum ya tambayi kansa: rabin ruwan nan da ka kira ɓarna, ina yake zuwa?

Je ka fadama da hantsi ka tsaya bakin fangali bayan an kashe inji. Ruwan da ya kwanta, wani kaso shuka ta sha ta fitar ta ganye, wani kaso rana ta ɗauke daga saman ƙasa, waɗannan biyu sun tafi ke nan. Amma kaso mai yawa nutsewa yake yi cikin rairayi, ya wuce saiwa, ya koma inda aka zuƙo shi. A fadamar da ruwa ke kusa, wannan ruwan shi maƙwabci zai jawo gobe, shi ne kuma ke riƙe rijiyar ƙauyen da ke gangare. A lissafin mai gonar asara ce, domin ya ƙona mai wajen ɗago shi. A lissafin fadamar kuwa, ruwa ne da ya fita ya dawo gida.

Bari in buga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin fahimta. A ce manomi na jawo guga 100. Shuka da rana sun cinye 55, guga 45 sun koma ƙasa. Abin da ya fita daga fadamar har abada 55 ne. Sai aka ba shi ɗigo, yanzu guga 60 sun ishe shi shayar da wannan filin, kuma kusan dukkansu shuka ke sha, sai ɗan abin da bai kai ya kawo ba yake komawa. Ka ga ko a nan, abin da fadamar ke rasawa bai wani ragu ba, yana nan a hamsin da ɗoriya. To ina guga 40 ɗin da aka ce ya yi tsiminsu? Injinsa na iya jawo su, filin da ke gefe yana kwance, kasuwa na neman albasa. Wane manomi ne mai hankali zai bar su? Zai faɗaɗa lambu har ya koma jawo gugansa 100, amma yanzu 90 ne ke tafiya babu dawowa, inda da 55 ne. Amfanin gona ya ƙaru, aljihu ya yi nauyi, ruwan ƙasa kuma ya soma sauka da sauri fiye da da. Babu mugu a cikin labarin nan, kowa abin da ya kamace shi ya yi.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A yammacin jihar Kansas ta Amurka, inda ake noman masara da ruwan babban rumbun ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, gwamnati ta tallafa wa manoma suka sauya zuwa kan feshi mai saukar da ruwa kusa da shuka, da niyyar tsimi. Lisa Pfeiffer da Cynthia Lin suka bi alƙaluman rijiyoyin yankin, suka wallafa sakamako a 2014: ruwan da ake zuƙa ƙaruwa ya yi, saboda manoma sun koma shuka abin da ya fi shan ruwa, sun kuma shayar da ƙarin fili. A 2017 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da Chris Perry da Pasquale Steduto suka jagoranta, suka duba ayyuka a ƙasashe da dama, suka tarar cewa a mafi yawan lokuta sabuwar fasahar ban-ruwa ƙara yawan ruwan da ake cinyewa take yi, sai fa inda hukuma ta riga ta ƙayyade abin da kowa zai ɗiba. A rubutunka babu ko layi ɗaya a kan wannan ƙayyadewar, alhali ita ce kan maganar.

Batun sola ya fi damuna a kan na ɗigo. Shekara da shekaru akwai birki biyu da ke riƙe da noman fadama, ko da babu wanda ya kafa su da gangan. Na farko kuɗin mai. Mai lambu kan tsaya kusa da inji yana kallon ruwa na bin kwalbati, da ya kai ƙarshen fangali ya ruga ya kashe, domin kowane minti kuɗi ne. Na biyu kuwa iyakar injin kansa. Ɗan injin fetur da ake ajiyewa a sama ba ya iya tsotso ruwan da ya wuce kimanin mita bakwai zuwa takwas, komai ƙarfinsa, haka dokar iska da ruwa take. Shi ya sa idan rani ya yi nisa, wajen Maris zuwa Afrilu, za ka ga manomi ya haƙa rami kamu uku ko huɗu a bakin bututun rijiyarsa, ya saukar da injin ciki, yana bin ruwan da ke guduwa. Idan ramin ya kasa, sai a haƙura, a jira damina. Wannan haƙurin dole shi ya hana a tatse fadamominmu tun zamanin shirin Fadama na farko a farkon shekarun 1990, lokacin da ƙananan rijiyoyin bututu da injina suka maye gurbin jigo.

Faifan sola haɗe da sumo, wato injin da ake zurawa can cikin rijiyar burtsatse, yana cire birkin nan biyu a lokaci guda. Da zarar an biya kuɗin kaya, ruwan awa goma da na awa ɗaya farashinsu ɗaya, wato babu. Zurfi kuma ya daina zama shamaki, mai kuɗi sai ya ƙara bututu ya ƙara faifai. Rana kuwa ta fi ƙarfi daidai watannin da ruwan ƙasa ya fi yin nisa.

Idan kana son ganin abin da jawo ruwa kyauta ke haifarwa, dubi jihar Punjab ta Indiya. A 1997 gwamnatin jihar ta mai da wutar lantarkin injinan ban-ruwa kyauta ga manoma. Yau akwai rijiyoyin burtsatse na noma sama da miliyan ɗaya a jihar, kuma hukumar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta Indiya na lissafa cewa abin da ake zuƙa a shekara ya haura kashi 150 cikin 100 na abin da ke komawa. Manoma na ta zurfafa rijiyoyi, masu ƙaramin ƙarfi na cin bashi don su bi sahu. Kuma babu ɗan siyasar da ya isa ya ce zai dawo da kuɗin wutar. Su can aƙalla gwamnati na iya ɗauke wuta ta ba da ita awa takwas a rana. Faifan da ke kafe a gonar mutum, wa zai ɗauke masa rana?

Sai maganar tarin ruwan da ka ce muna zaune a kai. Na san binciken da kake nufi, taswirar da Alan MacDonald da abokan aikinsa na hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya suka fitar a 2012, wadda ta ƙiyasta ruwan ƙarƙashin Afirka da kusan ninki ɗari na ruwan da nahiyar ke samu sabo a shekara. Gaskiya ne. Amma mafi girman wannan ajiya tana ƙarƙashin Libiya da Aljeriya da Masar da Sudan ne, kuma su kansu masu binciken sun yi gargaɗin cewa wuraren da rijiya za ta ba da ruwa mai ƙarfin da babban ban-ruwa ke buƙata ba su da yawa. Ka ɗauki kanun labarin, ka bar gargaɗin.

Arewa ba ƙasa iri ɗaya ba ce ta ciki. Mafi yawan Kano da Zariya da kudancin Katsina a kan tsohon dutse suke. Ruwan da ke wurin yana cikin ɓurɓushin dutsen da ya ruɓe ne da tsagogin da ke ƙasansa, ɗan kaɗan ne, damina ke zuba shi, rani ya kwashe. Duk mai haƙa burtsatse a Kano zai gaya maka yadda ake dace a wannan gida a rasa a na kusa da shi. Sakkwato da Kabi da yankin Tawa da Dosso suna kan kwarin Iullemmeden mai shimfiɗun yashi masu riƙe ruwa, can akwai abin a zo a gani. Har ma a kewayen Yamai masu bincike sun tarar ruwan ƙasa hawa ya yi da kusan mita huɗu daga shekarun 1960 zuwa 2000 da 'yan kai, saboda sare daji ya sa ruwan sama na taruwa a tafkuna yana nutsewa. Wannan hujja ce a gefenka, kuma na ba ka ita. Akwai wuraren da za a iya ninka ban-ruwa ba tare da an cutar da kowa ba. Sai dai ba za a san su ba sai an auna, kai kuwa rabon kaya kake kira a yi daga Argungu har Gashuwa da ma'auni ɗaya.

Borno ta riga ta ɗanɗana. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka haƙa ɗaruruwan rijiyoyi masu zurfi a shimfiɗar ruwa ta tsakiya da ke ƙarƙashin kwarin Tafkin Cadi, ruwa na tunkuɗo kansa sama ba tare da inji ba. Aka bar da yawansu suna kwarara dare da rana, shanu na sha, saura na malala cikin yashi. Ƙarfin ya yi ta raguwa shekara bayan shekara, wasu suka daina fitowa sai da inji. Da aka gwada shekarun ruwan, sai aka tarar na dubban shekaru ne, ya taru tun zamanin da yankin ya fi yanzu damshi. Irin wannan ruwa gado ne, wanda ya ci ya cinye, babu daminar da za ta mayar da shi a rayuwar jikokinmu.

Saudiyya ta yi wannan cin gadon a gaban idon duniya. Da tallafi mai tsoka ta noma alkama a hamada har ta haura tan miliyan 4 a 1992, tana sayarwa waje, da kayan ban-ruwa mafi tsada da zamani ya sani. Kayan ba su hana rumbun sauka ba. A 2008 gwamnati ta yanke shawarar rage sayen alkamar gida da kashi 12.5 duk shekara, zuwa 2016 aka rufe shirin. Kamfanin Almarai, wanda duk alhaji ya san madararsa, sai da ya je har Arizona ya sayi gona don noma ciyawar shanunsa.

Akwai kuma abin da ba ka taɓo ba, wanda ya fi kusa da mu. Ruwan fadama daga kogi yake samun ciko. Ambaliyar da ke bazuwa duk shekara a dausayin Haɗeja zuwa Nguru ita ke nutsewa ta shayar da rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da bakin kogin. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, faɗin ambaliyar da a da ke haura murabba'in kilomita 2,000 ya ragu ƙwarai, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa ta karkatar da shi. Wato an riga an taɓa bakin da ruwa ke shiga. Yanzu kana kira a faɗaɗa bakin da yake fita, ba tare da kowa ya san nawa ke ciki ba.

Kada a raina yawan ruwan da lambu ke sha. Hekta ɗaya ta albasa ko alkama ko tumatir na buƙatar wajen milimita 500 a kaka guda, wani lokaci fiye. Milimita ɗaya a kan hekta lita 10,000 ce, ke nan lita miliyan 5. Ƙauye mai mutum 1,000, kowa na amfani da jarka ɗaya mai lita 25 a rana, zai sha lita miliyan 9 da 'yan kai a shekara. Hekta biyu kacal sun shanye ruwan ƙauyen na shekara guda. Idan attajiri daga birni ya kafa sumo mai zurfi ya buɗe hekta ashirin a gefen gari, ba shi zai fara jin jiki ba. Rijiyar masallaci ce za ta fara ba da laka, sai famfon tuƙa-tuƙa na makaranta, sai mai ɗan injin fetur da raminsa ya kasa, sai makiyayin da ya saba tona ƙoramar da ta ƙafe ya shayar da garkensa. 'Yan mata su ƙara tafiyar ɗiban ruwa. Mun san kuma inda rikicin mashaya ke kai mu a ƙasar nan.

Za ka ce to me nake so, a bar manomi da jigo? A'a. A raba solar, a koya ɗigon, amma a haɗa su da abin da ya yi aiki a wasu wurare. Komawa Kansas ɗin nan dai, a wani yanki na gundumar Sheridan manoma da kansu suka zauna suka yarda cewa daga 2013 kowace eka ba za ta sha fiye da inci 55 na ruwa ba a cikin shekara biyar, ragin kusan kashi 20, kuma suka nemi hukuma ta mai da yarjejeniyar doka mai hukunci. Kowace rijiya da mitarta. Suka rage fiye da abin da suka yi alkawari, ribarsu kuma ba ta rushe ba, domin da aka san ruwan ƙidayayye ne sai kowa ya soma lura da lokacin shayarwa da irin da zai shuka. A nan ne fasaha ta yi amfani, bayan an ja layi. Punjab ma a 2009 ta kafa dokar da ta hana dashen shinkafa kafin 10 ga Yuni, don kada a yi ta zuba ruwa a tsananin zafi kafin damina, abin da ke nuna cewa kalanda kaɗai na iya zama ma'auni inda babu mita. A ƙauyen Dhundi na jihar Gujarat kuwa, a 2016 masu injin sola suka kafa ƙungiya suna sayar wa kamfanin lantarki rarar wutarsu, sai kashe inji ya zama hanyar samun kuɗi. Fadamominmu ba su da layin wutar da za a sayar wa, amma rarar na iya juya injin niƙa ko ɗakin sanyaya tumatir, kuma duk wanda ya ga kwandunan da ke ruɓewa a Kwanar Gafan lokacin kaka ya san wanne ya fi buƙata.

Na san kalmar mita da lasisi na tayar da hankali. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa na ƙasa ya sha faɗuwa a Majalisa tun 2018, saboda mutane na tsoron Abuja za ta mallake koguna ta sa wa rijiyar gida haraji. Ba wannan nake kira ba, kuma ban ga jami'in da zai taso daga babban birni ya ƙirga rijiyoyin Kura da Bunkure ba. Muna da namu tushen. Malaman fiƙihu sun daɗe da maganar harimin rijiya, wato tazarar da ba a yarda wani ya haƙa tasa a ciki ba idan zai janye ruwan ta farko, sun kuma fifita shan mutum da dabba a kan shayar da gona. Muna da sarkin noma da dagaci da ƙungiyoyin masu amfani da fadama da aka kafa tun shirin Fadama. Aunawar ma ba ta buƙatar injiniya: igiya mai ƙulli a kowace rabin mita, da ƙaramin ƙarfe a bakinta, da littafi a hannun malamin makaranta, a zura a rijiyoyi uku ko huɗu na gari ranar farko ta kowane wata. Cikin shekara uku gari zai san ko ruwansa na dawowa inda yake bayan kowace damina ko kuwa yana zamewa.

Saboda haka ga abin da nake roƙon ka ƙara a kiranka, tunda muryarka na kaiwa inda tawa ba ta kai. Duk gwamnatin da za ta raba injin sola, ta raba wa ƙungiya, kada ta raba wa mutum ɗaya ɗaya a filin taro. Girman faifai da zurfin sumo su dace da irin ƙasar wurin, na kan dutse daban, na kan yashi daban. A rubuta faɗin filin da kowace rijiya za ta shayar, da tazararta daga rijiyar shan gari, da zurfin da idan igiya ta nuna an kai shi kowa zai rage awoyi, babba da yaro. A sa hannu a gaban dagaci kafin a sauke kaya daga mota, domin bayan an kafa faifan babu mai sauraron kowa.